Ba Kowane Ja Ne Jini Ba: Alamun Ban Tsoro da Kayan Lambu Kan Haifar a Jiki



Gabatarwa

Kafin in shiga cikin magana, ina neman gafarar manyan da ke zaune a nan, domin batun da zan yi yau ba ya yiwuwa sai an ambaci fitsari da bayan gida da gumi da warin baki, abubuwan da ba mu saba kiran sunansu a bainar jama'a ba. Amma da yake waɗannan su ne hanyoyin da jiki ke ba mai shi labarin abin da ke gudana a ciki, tilas ne mai neman lafiya ya koyi karanta su.

Akwai kurakurai iri biyu da mutane kan faɗa ciki game da waɗannan alamu. Na farko shi ne a firgita da abin da ba ya cutarwa. Mutum ya ci wani abu da dare, da safe ya ga launin fitsarinsa ya sauya, sai hankalinsa ya tashi. Ya bar aiki, ya kashe kuɗin mota, ya sayi ƙwayoyin da ba ya bukata, wani lokaci ma ya soma zargin an yi masa sammu, har zumunci ya ɓaci. Na biyu kuwa, wanda ya fi muni, shi ne a raina alamar cuta ta gaske saboda ta yi kama da abin da aka saba gani. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Manufar wannan lacca ita ce mu bi waɗannan alamu ɗaya bayan ɗaya, mu ga dalilin kowace, sa'an nan mu ga inda iyakar take tsakanin abin da za a yi dariya a wuce da abin da za a garzaya asibiti dominsa.

Tushen al'amarin

Tsiro ba ya gudu, ba ya kuma kai duka. Saboda haka Allah ya hore masa sinadarai da yake kāre kansa da su. Wasu launi ne da ke kāre ganye daga zafin rana ko ya jawo tsuntsu ya ci 'ya'ya ya watsa iri. Wasu ɗaci ne ko yaji ko wari da ke korar ƙwari da dabbobi. Sa'ad da muka ci tsiron, duk waɗannan muka haɗiye tare da abincin da ke cikinsa.

Mafi yawansu ruwan tsamin tumbi yakan lalata su, ko ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a hanji su cinye su, ko hanta ta sauya musu kama. Abin da ya tsira daga waɗannan matakai kuwa dole ya nemi hanyar fita, hanyoyin kuma huɗu ne: fitsari, bayan gida, numfashi, da fata. In sinadarin mai launi ne, da launinsa zai fita. In mai wari ne, da warinsa zai fita. Wanda ya riƙe wannan ƙa'ida ya riga ya fahimci rabin abin da zan faɗa.

Jan fitsari

Bari mu fara da abin da ya fi firgitarwa. Akwai wata saiwa ja wur mai siffar albasa da ake kira bitrut, wadda Turawa suka daɗe suna ci, ana kuma noma ta a Filato, ana sayar da ita a kasuwannin manyan garuruwanmu, wasu na dafa ta, wasu na markaɗa ta su sha ruwan. Janta ya samo asali daga wani sinadari mai suna betanin, wanda saboda ƙarfin launinsa har masana'antu ke rina alewa da kayan sha da shi. Jan alayyafo ma yana ɗauke da launi ɗan wannan dangi.

A jikin yawancin mutane, betanin yakan lalace a tumbi da hanji, ba ya kai wa ga jini sai ɗan kaɗan. Amma a jikin wasu yakan tsira, ya ratsa bangon hanji ya shiga jini, ƙoda ta tace shi, sai ga fitsari ya fito ruwan hoda ko ja kamar an wanke nama. Abin kan bayyana 'yan sa'o'i bayan cin saiwar, ya gushe cikin kwana ɗaya ko biyu. Bayan gida ma kan yi ja. An ƙiyasta cewa wannan na samun tsakanin mutum 10 zuwa 14 cikin kowane 100.

Masana sun yi ta muhawara a kan dalilin da ya sa wani ke samu wani ba ya samu. A shekarar 1956 Anthony Allison da abokin aikinsa McWhirter suka ce gado ne kurum. Wannan Allison ɗin shi ne wanda a 1954 ya nuna cewa mai ɗauke da rabin gadon amosanin jini yana da kāriya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Amma bincike na baya ya nuna abin ya fi haka faɗi, domin mutum guda zai ci saiwar yau ya ga ja, ya ci wani mako bai ga kome ba. Yawan abin da aka ci, da irin saiwar, da ƙarfin ruwan tsamin tumbi a wannan rana, da abincin da aka haɗa ta da shi, duk suna da hannu. A 1963 kuma wasu likitoci a Birtaniya, Watson da Luke da Inall, suka gano cewa abin ya fi yawa ƙwarai ga masu ƙarancin jini na rashin sinadarin ƙarfe. Ke nan jan fitsarin shi kansa ba ya cutarwa, amma wanda ke ganinsa duk sa'ad da ya ci bitrut, ga shi kuma da kasala da haki da farin tafin hannu, ya kamata ya je a auna jininsa.

To, a nan ne nake so jama'a su ba ni hankalinsu, domin a ƙasarmu jan fitsari yana da wani dalili wanda ya fi bitrut yawa nesa ba kusa ba, watau tsargiya. Wata tsutsa ce ke kawo ta, wadda wani likita Bajamushe mai suna Theodor Bilharz ya gano a Alƙahira a 1851. 'Ya'yanta kan girma a cikin dodon koɗi na ruwan kududdufi da tafki da magudanan noman rani, su fito su huda fatar wanda ya shiga ruwan. In sun manyanta sai su zauna a jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara suna zuba ƙwai, ƙwan kuma su yi ta raunata bangon mafitsarar. Nijeriya tana cikin ƙasashen da cutar ta fi yawa a duniya. Alamarta ita ce jini a ƙarshen fitsari, sau da yawa tare da zafi, yana kuma daɗewa makonni da watanni. Saboda yawanta tsakanin yara maza masu wanka a rafi, a wasu ƙauyuka har an ɗauke ta alamar balaga. Wannan kuskure ne mai tsada, domin in an bar ta shekara da shekaru takan jawo ƙarancin jini, ta toshe hanyar fitsari ta lalata ƙoda, har takan kai ga ciwon daji na mafitsara. Alhali kuwa maganinta ƙwaya ce mai suna firazikwantel, wadda aka samar tun shekarun 1970, ana shan ta gwargwadon nauyi ko tsawon mutum.

Ku dubi abin mamaki. Ma'aikaci a birni ya sha ruwan bitrut kofi ɗaya, ya kwana bai runtsa ba don tsoro. Ɗan ƙanensa a ƙauye yana fitsarin jini na gaske shekara uku, ana ce masa ya zama namiji. Rarrabe su kuwa ba wuya. Na abinci yana bin bayan abin da aka ci, ba zafi, ba gudan jini, launin ɗaya ne daga farkon fitsari har ƙarshensa, ya kuma wuce cikin kwana biyu. In shakka ta rage, akwai ɗan tsinken takarda da ake tsomawa a fitsari a kowane asibiti, wanda cikin minti ɗaya ko biyu zai nuna ko akwai jini. Ina ƙara jan kunnen dattawa musamman: jini a fitsarin wanda ya manyanta, ko da sau ɗaya ne, ko da ba zafi, abin bincike ne.

Kada kuma mu manta da magunguna. Rifamfisin, ɗaya daga cikin magungunan tarin fuka, yakan mai da fitsari da gumi da hawaye ruwan goro. Ƙwayoyin bitamin masu ɗauke da B2 sukan sa fitsari ya yi rawaya shar. Duka biyu ba laifi, kuma kada mai tarin fuka ya kuskura ya daina maganinsa saboda haka.

Rawayar fata

Abu na biyu ya fi shafar iyaye mata. Uwa ta duba tafin hannun yaronta da tafin ƙafarsa ta ga sun koma rawaya, nan take sai ta ce shawara ce. Wani lokaci gaskiyarta. Wani lokaci kuwa karas ne.

Launin karas yana zuwa daga sinadarin karotin, wanda wani masani Bajamushe, Wackenroder, ya fara cirowa daga karas ɗin a 1831. Akwai shi da yawa a kabewa da gwanda da mangwaro da dankali mai jan ciki da ganyaye masu duhun kore, manja kuwa yana cikin abubuwan da suka fi kowane abinci yawansa. Jiki yana mai da karotin ya zama bitamin A, wanda rashinsa ke kawo dundumi da makanta ga yara, ya kuma raunana su gaban kyanda da gudawa. Sai dai jiki ba ya sauya duk abin da aka ci, gwargwadon bukatarsa yake yi. Ragowar, da yake a mai take narkewa, sai ta taru a kitse da kuma saman fata, musamman inda fata ta yi kauri, watau tafin hannu da tafin ƙafa, sa'an nan gefen hanci. Ga mai baƙar fata irinmu, a tafin hannu da ƙafa ne kawai ake iya gani sosai.

Wasu likitoci biyu na Amurka, Hess da Myers, su suka raɗa wa wannan hali suna a 1919. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da abinci ya yi ƙaranci a Ingila hukuma ta yi ta kwaɗaitar da mutane cin karas, likitoci sun riƙa ganinsa. Ba ya zuwa da cin rana ɗaya. Sai an ɗauki makonni ana cin abin da ya kai kamar manyan karas uku ko huɗu kullum. Ya fi kama ƙananan yara domin abincinsu dafaffe ne markaɗaɗɗe, dafuwa da markaɗe kuwa suna fasa ƙwayoyin tsiron su saki karotin ɗin jiki ya tsotse da sauƙi. A wurinmu lokacin mangwaro ma kan kawo shi. Mai yawan shan ruwan tumatir shi ma fatarsa kan yi ja-ja saboda wani launi ɗan'uwan karotin. Maganin abin shi ne a rage ci, launin ya tafi da kansa a hankali cikin makonni ko 'yan watanni.

Yaya za a bambanta shi da shawara? A dubi farin ido, a cikin hasken rana. Launin shawara daga bilirubin yake, watau abin da ke saura in jajayen ƙwayoyin jini sun mutu, wanda aikin hanta ne ta kwashe shi ta zuba a ruwan matsarmama. In hanta ta kamu da ciwo, ko hanyar matsarmama ta toshe, ko jini yana fashewa da yawa kamar yadda kan faru a amosanin jini da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, sai bilirubin ya taru, kuma farin ido ne wurin da ya fara rinawa. Karotin kuwa ba ya taɓa farin ido. Bugu da ƙari, mai shawara yawanci ba shi da lafiya: ga kasala, ga rashin cin abinci, fitsarinsa ya yi duhu kamar baƙin shayi. Yaron karas kuwa yana wasansa yana cin tuwonsa.

Abin da nake tsoro a nan shi ne uwa ta ga rawayar tafin hannu ta hana yaro karas da gwanda da manja gaba ɗaya. In ta yi haka, ta guje wa launin da ba ya cutarwa ta kai ɗanta ga dundumi. Ku tuna cewa a 2016 an ba Maria Andrade da Robert Mwanga da Jan Low, tare da Howarth Bouis, babbar lambar yabo ta abinci ta duniya, mafi yawa saboda aikin yaɗa dankali mai jan ciki a Afirka domin yaƙar rashin bitamin A. Togaciya biyu ce kawai. Jariri sabon haihuwa da ya yi rawaya ba batun karas ba ne, a kai shi asibiti a ranar, domin shawarar jarirai in ta yi tsanani takan taɓa ƙwaƙwalwa. Babba kuma da tafinsa ya yi rawaya alhali ba ya yawan cin waɗannan abubuwa, a duba shi ko yana da ciwon sukari ko raunin halittar nan ta wuya da ake kira tayirod, domin su ma kan sa karotin ya taru.

Launin bayan gida

Wannan ba sai mun daɗe a kansa ba. Wanda ya ci kwaɗon zogale ko na rama ko tafasa ya ƙoshi, kada ya yi mamaki in ya ga kore ko duhu-duhu washegari, launin ganyen ne. Ruwan matsarmama shi kansa kore ne sa'ad da ya zubo cikin hanji, bakteriya ne ke mai da shi ruwan ƙasa a hankali, shi ya sa in ciki ya yi saurin wucewa bayan gida kan fito kore ko ba a ci ganye ba. Ɓawon tumatir da na tattasai da na masara ba sa narkewa, sukan fito yadda suka shiga, har a zaci jini ne ko tsutsa. Yaron da aka fara ba ayaba kan fitar da wasu baƙaƙen zare-zare, uwa ta ce tsutsar ciki ce, alhali zaren ayabar ne. Ƙwayoyin ƙarin jini da ake ba masu juna biyu sukan baƙanta bayan gida, wannan ma ba dalilin daina sha ba ne.

Wanda ake gudu shi ne baƙi ƙirin mai yauƙi da danƙo kamar kwalta, mai mugun ɗoyi, musamman in akwai jiri ko ciwon ciki, domin wannan jini ne da ya zubo daga tumbi ya narke a hanya. Haka nan fari fat kamar farar ƙasa tare da rawayar ido.

Wari

Mu koma ga hanci. Tafarnuwa in tana ƙunshe ba ta da wani wari mai ƙarfi. Sai an daka ta ko an tauna, wasu sinadarai biyu da ke ajiye dabam-dabam a cikinta su haɗu su haifi alisin, wanda Cavallito da Bailey suka gano a 1944. A cikin jiki alisin kan rikiɗa zuwa wasu sinadarai masu farar wuta, ɗaya daga cikinsu kuma hanta ba ta saurin lalata shi. Sai ya shiga jini ya riƙa fita ta huhu da gumi, har ya kai kwana guda. Wannan ne dalilin da ya sa mutum zai yi asuwaki har dasashi ya yi ciwo amma warin na nan, domin daga huhu yake fitowa. Madara da ɗanyen na'ana'a sukan rage shi, dafa tafarnuwar tun tana ƙunshe kuma ya fi ragewa. Malamanmu sun daɗe suna karantar da cewa wanda ya ci ɗanyar tafarnuwa ko albasa ya nisanci sahu har warin ya gushe, ga shi ilmin jiki ya bayyana mana abin da ya sa kurkure baki kaɗai bai isa ba. Ita kuwa albasa, ko ta Aliero ce ko ta Galmi, hawayen da take sa mai yanka ta daga wata iska ce mai farar wuta da ke tashi in wuƙa ta fasa ta. A 2002 ne Shinsuke Imai da abokan aikinsa a Japan suka gano sinadarin da ke ƙera wannan iska.

Hulba ita ma tana da nata. Matanmu suna amfani da ita, a Sudan da Masar kuwa shayinta ake yi. Tana ɗauke da sinadarin sotolon, mai ƙamshi kamar na ƙonannen sukari, wanda ke fita a gumi da fitsari ba tare da ya sauya ba. Ƙarfinsa ya kai ga cewa daga 2005 mutanen birnin New York suka riƙa jin wani baƙon ƙamshi mai zaƙi a iska lokaci-lokaci, har wasu suka ji tsoron harin guba ne, sai a 2009 hukuma ta gano daga wata masana'anta yake a New Jersey inda ake sarrafa 'ya'yan hulba. Abin lura ga ma'aikatan lafiya shi ne akwai wata cutar gado ta jarirai, wadda John Menkes ya bayyana a 1954, da ke sa fitsari ya yi irin wannan ƙamshi. An sha samun jarirai lafiyayyu da aka zarga da ita, daga baya aka gane hulba ce uwar ta sha ko aka ba jaririn. Tambaya ɗaya game da abin da aka ci da ta hutar da kowa.

Ɗalibanmu da za su tafi Turai ko Amurka ƙaro ilmi za su tarar da wani tsiro mai kama da kibiya da ake kira asfaragus. Minti 15 zuwa 30 bayan cinsa fitsari kan ɗauki wari kamar na ruɓaɓɓen kabeji. Tun 1891 Marceli Nencki ya danganta warin da wani sinadari mai farar wuta. An daɗe ana zaton wasu mutane ne kawai ke fitar da shi, sai a 1980 Lison da abokansa suka nuna cewa bambanci mafi girma a hanci yake, watau wasu ba sa iya jin warin sam. Wani bincike da aka buga a 2016 a kan mutum 6,909 masu asalin Turai ya sami kusan kashi 60 cikin 100 ba sa jinsa, abin kuma gado ne.

Iska da yaji da ƙaiƙayi

Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake, Nijar na bi mata, saboda haka ba wanda zai koya mana abin da wake ke yi wa ciki. Dalilin shi ne akwai wasu irin sukari a cikinsa, rafinos da 'yan'uwansa, waɗanda ɗan'adam ba shi da sinadarin narkar da su. Sukan wuce har babban hanji, bakteriya su yi biki a kansu, su saki iska. Kumburin da ƙugin ba cuta ba ne, fitar iska sau 10 zuwa 20 a yini kuwa al'adar jiki ce. Wanda abin ke dama wa alwala ko zaman ofis, ya jiƙa waken sa'o'i ya zubar da ruwan kafin dafawa, ya dafa shi ya nuna luguf, ya kuma riƙa ci kaɗan-kaɗan a kai a kai, domin hanji yana sabawa. Wake shi ne naman talaka, barinsa saboda iska hasara ce.

Barkono kuwa, wanda asalinsa daga nahiyar Amurka yake, bai iso sauran duniya ba sai bayan 1492, yaudarar jijiya yake yi. A 1997 David Julius ya gano cewa kafsaisin, sinadarin yajin, yana taɓa mabuɗin da jijiya ke jin zafin wuta da shi, wanda ke buɗewa in zafi ya kai kamar digiri 43. An ba shi lambar Nobel a 2021 tare da Ardem Patapoutian. Watau ƙwaƙwalwa ta samu labarin baki na ƙonewa, sai ta saki gumi da majina da hawaye, alhali ba abin da ya ƙone. Ragowar da ba ta narke ba ita ke maimaita zafin wajen fita. Ruwa ba ya wanke shi domin a mai yake narkewa, nono ko madara sun fi. Ba kuma barkono ke haddasa gyambon ciki ba, ko da yake yakan tayar wa mai shi da ciwo. Marshall da Warren na Ostireliya sun nuna a farkon shekarun 1980 cewa wata bakteriya ce sanadin mafi yawansa, sai kuma yawan shan ƙwayoyin kashe ciwon jiki.

Ƙaiƙayin gwaza a maƙogwaro shi kuma daga wasu 'yan ƙananan allurai ne na gishirin okzalet da ke cikinta, waɗanda ba a gani sai da madubin likita. Cikakkiyar dafuwa ita ce maganinsa.

Inda iyakar take

Kada wani ya fita daga nan yana cewa duk abin da kayan lambu suka jawo ba kome ba ne. Misali guda ya isa. Alhazai da 'yan'uwanmu mazauna Sudan sun san ful, babban waken nan da ake karya kumallo da shi can da Masar. Akwai wani rashi na gado a jajayen ƙwayoyin jini da ake kira G6PD, wanda ke jikin mutum wajen miliyan 400 a duniya, yana kuma da yawa tsakanin maza a Afirka ta Yamma. Wasu daga cikin masu shi, in sun ci ful, jininsu kan fashe cikin kwana ɗaya ko biyu, fitsari ya yi duhu kamar baƙin shayi, ido ya yi rawaya, jiki ya saki. Wannan na gaggawa ne. Wakenmu na gida ba ya yin haka. Haka kuma rogo mai ɗaci da ba a jiƙa aka sarrafa shi sosai ba yana da guba mai kisa. Wanda kuma ya ci wani abu leɓensa ko harshensa ya kumbura, numfashi ya soma yi masa wuya, kada a tsaya jiƙa masa kome, a kai shi asibiti.

Kammalawa

Ga tambayoyi huɗu da nake so kowa ya riƙe. Me na ci, ko wane magani na sha, cikin kwana biyun da suka wuce? Ban da launin ko warin, akwai zazzaɓi, ko ciwo, ko jiri, ko rama? Farin idona fari ne? Da na daina cin abin, alamar ta gushe? In amsoshin sun nuna abinci ne, a kwantar da hankali a ci gaba da cin kayan lambu. In ɗaya daga cikinsu ta saɓa, a nemi likita, a kuma gaya masa duk abin da aka ci ba tare da jin nauyi ba.

Ɗalibai, ku ne za ku zama likitoci da malaman asibiti da malaman makaranta na gobe, ku saba da yin tambayar farko kafin ku rubuta magani. Ma'aikata kuma, ku ne ake tambaya in kun je gida hutu, domin ana ganin ku kuka yi boko. In kun tarar da uwa tana kuka a kan rawayar tafin ɗanta, ku dubi idonsa. In kun tarar da yaro yana fitsarin jini ana yi masa barka, ku kama hannunsa ku kai shi a auna shi.

Shugaban taro, a nan zan dakata domin a sami lokacin tambayoyi.